Mode da Labarin Saniyar Sodangi

Nasara sun yi shekara ashirin da 'yan kai da cin Sakkwato lokacin da wannan abu ya faru. A Ƙofar Atiku akwai wani mutum ana ce masa Mode. Ɗan rundawa ne, wato mahauta, tun kaka da kakanni gidansu wuƙa suka sani. Shi ma da wuƙar ya tashi, har wata ranar kasuwa wani bijimi ya fizge igiya ya matse shi da bango, ya karya masa ƙugu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma Mode ya miƙe da ɗingishi, ko ɗan maraƙi bai ƙara iya kayarwa ba. Shekararsa talatin a lokacin, yana da mata, Bara'atu, da 'ya'ya mata biyu.

Da fawa ta gagara, sai ya koma tufkar igiya. Ya lura masu shanu ba su rabuwa da zauren alƙali, yau ɓarnar gona, gobe rigimar gado, jibi saniyar da ta ɓata aka ganta a garken wani. Don haka ya shimfiɗa buzunsa a inuwar bangon zauren, yana tufka yana sayarwa. Hannu na aiki, kunne na ciki. Allah kuwa ya yi masa baiwar da shi kansa bai san da ita ba sai a nan: abin da ya shiga kunnensa ba ya zubewa. Ya kan riƙe maganar mai ƙara da ta wanda ake ƙara, da abin da shaidu suka ce, har da inda alƙali ya yi tari.

Bayan la'asar ya kan ɗingisa zuwa rumfunan rundawa, a ba shi wuri a kan turmi, a ce, "To Mode, mi anka yi yau?" Sai ya kwashe shari'a tun daga sallama har hukunci. In ya zo kan maganar Bafulatani sai ya siranta murya, in ta tsohuwa ce sai ya yi karkarwa, mutane su yi ta dariya. Amma ba ya ƙari, ba ya ragi. Wanda aka kayar ma in ya ji labarinsa a bakin Mode sai ya gyaɗa kai ya ce haka aka yi. Da wannan ya yi suna. Mata a cikin gida su kan aiko a tambaye shi gaskiyar wata shari'a, fatake su kan ɗauki labarinsa har Wurno da Gwadabawa. Bai yi dukiya ba, amma ba a taɓa barinsa ya koma gida ba tare da ɗan ƙullin nama ba.

Ana nan sai wani kamfanin sayen fata ya kawo sabon akawu, sunansa Abdulwahabu, mutumin Lakwaja. Dogo ne, mai tsabta, yana jin Hausa sarai, yana sa farin kwat ko da rana na tsaga ƙasa. Aikinsa auna fatun rundawa, saboda haka kullum yana rumfunansu. Ya zauna ya ji Mode sau biyu, a na uku ya ja shi gefe.

"Malam Mode, ka san jarida?"

"Takardar nan da ku ke naɗe sabulu da ita?"

Akawu ya yi dariya, ya bayyana masa. A Ikko, can bakin teku, in ji shi, akwai masu injin buga takarda, duk mako su kan tara labaran ƙasa su buga, mutum dubu su karanta. Shi yana rubuta wa ɗaya daga cikinsu labarin Arewa, amma aiki ba ya barinsa zaman zauren alƙali. "Kai kana da kunne, ni ina da alƙalami. Abin da ake yi a ɗakin shari'a ai bai kamata ya tsaya a ɗaki ba. In alƙali ya san duniya na jinsa, ba zai karkata ba."

Maganar ta shiga Mode, domin shi ma haka yake gani. Suka shirya duk Alhamis da hantsi zai je kantin fata ya ba da labarin mako. Bayan wata guda da rabi akawu ya buɗe masa wata faffaɗar takarda, ya sa yatsa a wani gefe, ya fassara masa labarin rigimar wata rijiya da shi Mode ya bayar. Mode ya shafa wurin da tafin hannu. Ya koma gida ya ce wa Bara'atu, "Yau maganata ta kai bakin teku, ni ko Gusau ban taɓa zuwa ba."

Ta ce, "Allah shi sa ta dawo lahiya."

Tun a lokacin akwai abin da ya kan ɗan tsaya masa a rai. In yana faɗin inda aka yi zage-zage ko aka tona asiri, alƙalamin akawu gudu yake yi. In ya zo inda alƙali ya buɗe littafi ya warware magana, sai alƙalamin ya kwanta, akawu ya shiga gyaran farce. Mode ya ga haka, ya ce a ransa kowace sana'a da yadda ake yinta, ya bar zancen.

Cikin rundawan Sakkwato a wannan zamani babu kamar Sodangi. Dattijo ne, abokin mahaifin Mode, shi ya ɗauki Mode a kafaɗa ya kai shi gida ranar da bijimi ya taka shi. Shekara goma sha ɗaya shi ke kai nama Bariki, gidajen Turawa da na akawuna, ba a taɓa dawo masa da ko tsoka ɗaya ba. Akwai kuma wani mahauci, Dodo, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan ciniki na Bariki. Wata Laraba sai ga Dodo a gaban alƙali, ya yi ƙarar Sodangi, wai ya ga da idonsa saniya ta mutu tun kafin wuƙa ta taɓa ta, Sodangi ya feɗe ya sayar wa Musulmi mushe.

Dodo ya iya baki. Ya tsaya ya zana saniyar nan kamar tana kwance a tsakar zauren: cikinta ya kumbura kamar ganga, harshe ya zazzago, ƙudaje kore shar sun rufe idanunta, da aka tsaga ta wani baƙin ruwa ya tsiyayo. Mutane suka riƙa toshe hanci suna tofar da yawu. Da Dodo ya gama, sai Sodangi ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ƙarya ta. Malam Muntari yay yanka ta, tana harbin ƙasa da ƙahwahunta. Ya tahi Bodinga ta'aziyya, a jira shi." Alƙali ya ɗaga shari'a sai Litinin.

Washegari Alhamis ce. Mode ya je kantin fata da niyyar ba da wasu labarai, ya tarar akawu ya riga ya ji ƙishin-ƙishin.

"Bar mini zancen gonaki. Saniyar nan nake so."

"Ba a ƙare ba, Akawu. Baki guda anka ji. Bari sai Litinin."

"Motar wasiƙa Asabar za ta tashi zuwa Gusau. Ba ni na farko yanzu, in an gama ka ba ni na ƙarshe. Ai haka ake yi ko'ina. Me Dodon ya ce?"

Da a ce Mode ya ɗauki sandarsa ya fita, da shi ke nan. Amma maganar Dodo tana motsi a bakinsa tun jiya, irin wadda mai ba da labari ke jin daɗin juyawa. Ya fara a hankali, ya ga alƙalami na gudu, sai ya saki jiki. Ya ɗauko muryar Dodo, ya kumbura kumatu ya nuna cikin saniya, ya zaro harshe. Akawu na dariya har da buga tebur, leburorin kanti suka bar aiki suka kewaye shi. Da ya gama ya ce, "Amma ka rubuta Sodangi ya musanta, kuma yana da shaida."

"Na rubuta, na rubuta," in ji akawu, yana busa tawada.

Ran Litinin Malam Muntari ya zo. Ya ce shi ya yanka saniyar da bisimilla, jininta har ya ɓata masa riga. Bafulatanin da ya sayar da ita ya zo, da mutum biyu da suka riƙe igiya. Alƙali ya juya kan Dodo ya tambaye shi launin saniyar. Ya ce fara. Fatar kuwa tana nan, an kawo ta, ja ce wur. Aka tambaye shi a ina ya tsaya ya gani, ya faɗi wurin da katanga ta tare. Kafin azahar magana ta watse masa a hannu. Alƙali ya wanke Sodangi tas, ya sa aka yi wa Dodo bulala a bainar jama'a saboda ƙazafi.

Mode bai tsaya rumfa ba, kantin fata ya nufa, yana jan ƙafa yana haki. Ya kwashe duka ya faɗa wa akawu, har da zancen launin fata, wanda a ganinsa ya fi komai daɗi. Akawu ya saurara da kunne ɗaya yana duba ma'auni.

"To, madalla. Na ji."

"Ba ka rubuta ba."

"Zan rubuta. Amma ka sani, Malam Mode, mutum ya sayar da naman halal ba labari ba ne. Kowa ma haka yake yi."

Mako biyar suka wuce, gari ya manta, Sodangi na cinikinsa. Sai wata safiya ya kai nama Bariki, kukun gidan farko ya tare shi a bakin ƙofa ya ce Bature ya ce kada ya ƙara zuwa. Gida na biyu haka, na uku haka. Jarida ta iso. Daga bakin kuku zuwa bakin masinja, daga masinja zuwa kasuwa, kafin la'asar maganar ta game gari: an buga Sodangi a takardar Ikko, ashe mushen gaskiya ne.

Mode ya nemi takardar a hannun wani masinja, ya kai wa Malam Attahiru, wani malamin makarantar boko da ke unguwarsu, ya ce ya fassara masa kalma bayan kalma, kada ya tausaya masa. Malamin ya gyara zama ya karanta. Da manyan baƙaƙe an rubuta cewa a Sakkwato mushe ake ci. A ƙasa ga maganar Dodo duka, ba a matsayin ƙara ba, a matsayin abin da ya faru. An ƙara da abin da ko Dodo bai faɗa ba: wai saniyar ta kwana uku, wai da sanda aka kori ungulaye daga kanta, wai an kai wa Turawa cinyarta. Babu musun Sodangi, babu sunan Malam Muntari, babu zancen an ɗaga shari'a. A ƙarshe an ce labarin ya fito daga bakin wani amintaccen mutumin gari wanda ba ya ƙarya.

"Wane na wanga amintacce?" in ji Malam Attahiru.

Mode ya karɓi takardar ya naɗe. Ya fita daga zauren ya koma gida. Ranar ko ruwa bai iya sha ba. Bara'atu ta kawo tuwo da miyar nama, ya dubi tsokar da ke ciki ya ture akushin.

Da gari ya waye ya tafi kantin fata. An baza fatu a rana, wari ya cika wurin, ƙudaje na tashi. Shekara da shekaru Mode na cikin wannan wari bai taɓa damunsa ba, ran nan sai da ya rufe hanci da hannun riga. Akawu na zaune cikin farin kwat ɗinsa.

"Ungulayen nan, a bakin wa ka ji su?"

"Haba Malam Mode. Miya sai da gishiri. Kuma ba duka ne nawa ba, su ma can su kan gyara."

"Ina musun da kac ce ka rubuta?"

"Wuri ya yi kaɗan, sun yanke."

"To ina na Litinin?"

Akawu ya buɗe aljihun tebur ya lalubo wata takarda, rabinta rubutu, an ɗora mata kofin shayi har ya bar tabo. Bai ma aika ba. Ya ce zai aika, ai ba gudu ake yi ba. Sa'an nan ya yi murmushi ya ce mai jaridar ya yaba ƙwarai, ya ce a ƙaro irinsa. "Na ji an kama wata mata da wani a Gidan Dahala. Yaushe za a shiga shari'ar?"

Mode ya dube shi tun daga hula har takalmi. Sai ya tara yawu ya tofar a kan dandamalin kantin, dab da farin takalmin, ya juya.

Abin da ya fi ci masa rai ba akawu ba ne, mutanen gari ne. Ya shiga rumfa-rumfa yana faɗin yadda aka ƙare, ya tarar da waɗanda suka tsaya kusa da shi a zauren ran Litinin, suka ga jar fata da idonsu, suka ƙirga bulalar Dodo, yanzu suna taɓe baki. Wani ya ce, "Ai ka san alƙali mutum na, ana iya gyara shi. Amma inji ba shi da dangi a Sakkwato, don mi zai yi ma Sodangi ƙarya?" Wani ya ce ruwa ba ya tsami banza. Mode ya ce, "Ni na ba da labarin! Daga bakina yaf fita, rabi na bayar!" Sai suka ce to ka gani, ashe daga bakin Mode ne, Mode kuwa ba ya ƙarya.

Ya je wurin magatakardan alƙali ya roƙa aka rubuta masa hukuncin da ajami, aka buga hatimi. Ran Juma'a bayan an sauko ya tsaya a bakin kasuwa ya sa aka karanta. Mutane suka taru da yawa, ya ji sanyi a ransa. Ana gama karatu wani daga baya ya ɗaga murya: "Mode, bar wanga. Yi muna na Dodo! Yi muna kumburin cikin!" Aka fashe da dariya, wasu har da tafi. Ya tsaya da takarda a hannu yana kallon bakunansu a buɗe, jajaye da goro. Ya naɗe ta ya sa aljihu.

Naman Sodangi kuwa ya riƙa kwana a rumfa. Mutumin da bai taɓa sayar da abin da ya canja launi ba, sai ga shi da kansa yana jan cinya guda zuwa bayan gari yana jefa wa karnuka. Ya rage yanka daga saniya zuwa akuya, akuyar ma ta gagara ƙarewa. Dodo, da tabon bulala a bayansa, shi ya gaji cinikin Bariki. Kafin damina Sodangi ya rufe rumfa, ya kwashi matarsa Iyatu da iyalinsa ya koma wani ƙauye gabas da gari inda yake da gonar gado.

Gyaran labarin ya fito a jaridar bayan wata uku. Layi uku ne a ƙasan shafi, a gefen tallan maganin tsutsar ciki, an ce an sami labarin an sallami wani mahauci. Ba a ko faɗi sunansa ba.

Da shuka ta yi ƙwari Mode ya hau jakin maƙwabci ya tafi ƙauyen. Ya sami Sodangi a gona, ya rame, yana noman gero. Ya durƙusa a kan kunya duk da ciwon ƙugu, ya ce, "Baba, ni na kai ka. Ba a matsa mini ba, daɗin baki yaj ja ni."

Sodangi ya dogara da hauya ya dube shi.

"Na sani tun ran da takarda taz zo. Wa ke iya kawo maganar Dodo daidai haka in ba kai ba?" Ya share zufa. "Dodo maƙiyina na, ya yi aikinshi. Baƙon nan bai san ni ba. Kai ko, Mode, ka ci a akushina."

"Ka yahe mini, Baba."

"Na yahe, don ina son Allah shi yahe mini. Amma kada ka zaunan mini da kuka cikin gona. Tashi mu tahi gida, Iyatu ta dama hura."

Suka sha furar, suka yi zancen ruwan sama da farashin shanu, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Sodangi bai sake komawa fawa ba. Ya yi shekara shida a ƙauyen ya rasu, kuma har a wurin jana'izarsa Mode ya ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa wannan ne mai mushen nan.

An ɗauke akawu zuwa Gusau a shekarar da ta biyo, an ce ya ci gaba da rubutunsa, har ya yi suna. Mode ya ci gaba da zama a bangon zauren alƙali, don nan masu sayen igiya suke, amma ya daina zuwa rumfa bayan la'asar. Wanda ke da buƙatar sanin wata shari'a ya kan same shi a gida, in an yanke hukunci ya faɗa masa da muryarsa ta kullum, a taƙaice, in ba a yanke ba ya ce bai sani ba. Mutane suka ce labarin Mode ya yi lami, suka koma wurin wani mai gyaran takalmi da ya iya kwaikwayo. Ƙullin naman da ake ba shi ya tsaya, Bara'atu ta shiga saƙar faifai don a rufa asiri. Ya aurar da 'ya'yansa biyu da kuɗin igiya, ya rayu har ya ga jikoki bakwai. Ya rasu da rani, a gidan da aka haife shi, shekararsa sittin da 'yan kai.